Dokin da Ke Jin Linzami a Kan Tebur

Ranar da Kawu ya fara zama gaban kwamfuta, ɗaga linzamin ya yi sama, ya auna fuskar na'urar da shi kamar mai riƙe da rimot, ya yi ta kaɗawa. Kibiyar da ke kan fuskar ko gezau. Ya kifa shi ya leƙa cikinsa, jan haske ya haske masa ido, ya yi maza ya ajiye.

"Kai, wannan abin naku ba ya jin magana."

"Kawu, sai kun ajiye shi a kan tebur kun ja. A sama ba ya gani."

"Gani kuma? Yau na ji linzami mai ido."

Kawu ya tsufa cikin dawaki. Tun kafin a haife ni yake hawan Sallah, kuma har yau in ya ji haniniya daga nesa zai gaya maka ta yunwa ce ko ta neman faɗa. Shi ya sa sunan ya ba shi dariya. Ni kuwa sunan yana burge ni. Turawa ɓera suka ce masa, don na farko da aka ƙera igiyarsa ta baya take fitowa kamar wutsiya. Su kama suka duba, Bahaushen da ya ce linzami kuwa aiki ya duba, kuma a ganina ya fi su kusa da gaskiya. Abin da Kawu ya ƙara mini daga baya shi ne, linzami ƙarfe ne kawai da fata. Wanda ke fassara ja da saki, ya bambance jan gaske da girgizar hanya, dokin ne. In dokin bai horu ba, ko linzamin zinariya ka sa masa a banza.

Douglas Engelbart ne ya fito da dabarar, a wata cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya a Amurka, abokin aikinsa Bill English kuma ya haɗa na farko a 1964. 'Yar akwatin katako ce, da maɓalli ɗaya a sama, da tayoyin ƙarfe biyu a ƙasa: ɗaya tana birgima in an yi gaba ko baya, ɗaya in an yi hagu ko dama. Ranar 9 ga Disamba 1968 Engelbart ya nuna shi a San Faransisko gaban mutane wajen dubu. Sai da aka ƙara shekara goma sha shida kafin abin ya shiga gidaje sosai, lokacin da Apple ya fitar da Macintosh a 1984. Katakon ya tafi, tayoyin sun tafi, igiyar ma ta tafi a wasu, amma labarin da linzami ke kai wa kwamfuta bai sake ba tun wancan zamani: na matsa kaza ta wannan gefe, na matsa kaza ta wancan.

Iyakar saninsa ke nan. Bai san akwai kibiya ba, bai san faɗin fuskar kwamfuta ba, bai ma san a ina yake a kan tebur ba. Ka ɗauki yaron da aka sa a bayan babbar mota an rufe da tampol, ba ya ganin komai sai kwalta ta wani ɗan rami a ƙasan bodin. Zai iya ce maka ana tafiya, zai iya ce maka an ƙara wuta ko an sha kwana. Amma in ka tambaye shi an wuce Zariya ko ba a kai ba, sai dai ya yi maka ƙarya. Lissafin inda aka kai yana gaba, wajen direba. Linzamin talaka mai igiyar USB yana leƙowa ya ba da rahoto sau 125 a cikin sakan ɗaya, na masu wasannin kwamfuta sau 1000 ko fiye, kuma rahoton gajere ne kamar saƙon yaron kirki: wane maɓalli aka danna, taku nawa gefe, taku nawa gaba, an murza 'yar tayar da ke samansa ko ba a murza ba. Kwamfuta ce ke tara waɗannan taku ta ɗora a kan inda kibiya take a da. Masu harkar ma, don barkwanci, sun raɗa wa takun nan suna Miki, sunan ɓeran nan na zanen yara.

Wannan rashin sani ne ya sa ake iya yin abin da kowa ke yi ba tare da tunani ba. Tebur ya ƙare, kibiya ba ta kai ba, sai ka ɗaga linzami ka mai da shi baya ka sake ja. Mai shara ma haka take yi: ta tura, ta ɗaga tsintsiya ta dawo da ita a sama, ta sake turawa. Dawowar da aka yi a sama ba ta cikin lissafi. Da linzami ya san wurinsa, da kibiya ta biyo shi baya duk lokacin da aka ɗaga, sharar kuma ba za ta taɓa kai bakin ƙofa ba.

Wanda ya yi zaman shagunan intanet a farkon shekarun 2000 ya san mai ƙwallo. Ƙwallon ƙarfe ne da aka lulluɓe da roba, yana da ɗan nauyi a hannu, yana gogar sanduna biyu a ciki. Kowace sanda tana ɗauke da 'yar taya mai tsagu-tsagu kamar haƙoran mataji. A gefe guda 'yar fitila, a ɗaya gefen ido. Taya na juyawa, haske na ɓullowa yana ɓacewa, kamar yadda rana ke walƙa maka in kana wucewa ta gefen dangar kara da yamma. Kowace walƙiya taku ɗaya. To, amma walƙiya ba ta faɗin gabas aka yi ko yamma. Sai suka sa idanu biyu, ɗaya ya ɗan gota ɗaya. Duk wanda ya zauna a lungu ya san wannan dabara: in gidan gabas ne suka fara jin muryar 'yar talla kafin na yamma, ba sai an leƙa ba, an san ta inda ta ɓullo.

Ciwon mai ƙwallo ƙura ce, mu kuwa Allah Ya hore mana ita. Da hunturu sai ka ga kibiya tana tafiya gefe lafiya lau amma ta ƙi hawa sama, saboda dauɗa ta yi wa sanda ɗaya zobe. Sai a murɗe murfin, a zazzago ƙwallo, a kankare da farce ko murfin biro. A wani shago da nake zuwa, har liƙe murfin suka yi da gam don yara na sace ƙwallon, daga nan kuwa ba mai iya sharewa. Na sha biyan kuɗin awa guda in ƙare rabinsa ina kokawa da kibiya.

Na yanzu mai jan haske, wanda ya razana Kawu, shi ne mai idon gaske. An ƙera irinsa tun farkon shekarun 1980, amma sai a kan wani faranti na musamman mai layi-layi yake aiki. A 1999 ne Microsoft ya fitar da wanda ke tafiya a kan kusan kowane tebur, yana ɗaukar hoto 1,500 a sakan ɗaya. Wasu na yau sun haura 10,000. Kada ka zaci hoto ne irin na biki. Ɗan mitsitsi ne, baƙi da fari, ɗigo goma sha takwas ko talatin a kowane gefe, na wani wuri da ƙwayar gero za ta kusa rufewa. Ya ɗauka, ya sake ɗauka, ya aza na biyu a kan na farko ya duba: wancan ɗan tabo da ke tsakiya ɗazu, yanzu ina ya koma? In tabon ya yi hagu, shi ya yi dama ke nan. Bin sawu ne, irin na makiyayin da saniyarsa ta ɓata, sai dai shi ƙasar ce ke gudu a ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda aka kwantar da fitilar. Ba daga sama take haskawa ba, a karkace take. Manomi ya san dalili. Da tsakar rana, in ka tsaya a bakin gona, ƙasa duk ta zama shimfiɗa ɗaya. Amma da sassafe, rana tana ɗan leƙowa, kowace kunya da inuwarta, kowane ɗan hoge da tasa, har sawun zomo sai ka gani. Teburin da kai kake gani sumul, in aka haska shi a kwance, tudu da kwari ne. Takarda ma haka, zaren ƙyalle ma haka.

Inda sawu ke ɓacewa makiyayi shi ne kan dutse. Inda yake ɓace wa linzami kuwa gilashi ne da madubi da duk abin da ke sheƙi: haske ya wuce ko ya zame, hoton farko da na biyu duk ɗaya, sai kibiya ta tsaya ko ta yi ta rawa. Na ga mutane da yawa sun jefar da linzami lafiyayye saboda sabon teburin ofis mai gilashi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Logitech ya fitar da mai hasken leza a 2004, ya kuma fitar da wanda ke iya bin 'yar ƙura da ƙarzanen da ke kan gilashi a 2009, amma maganin talaka ya fi araha: a shimfiɗa tsohuwar kalanda.

Yanzu ga inda doki ya shigo. Da kwamfuta za ta bi rahoton linzami taku da taku, da an shiga uku. In aka sa kibiya ta yi sauri, ba za ka iya tsayar da ita tsakanin harafi biyu ba. In aka sa ta yi sanyi, sai ka share tebur sau huɗu kafin ka tsallaka fuskar. Don haka ba nisa kaɗai take dubawa ba, har da gaggawar hannu. Inci ɗaya da ka ja a hankali zai kai kibiya nan kusa. Inci ɗayan nan in ka fizga, sai ta faɗa wancan bango. Da na yi wa Kawu wannan bayani, sai ya gyaɗa kai, ya ce ai haka doki yake, taɓi ɗaya ne da diddige, amma ya san na tafiya ya san na sukuwa. Ya ƙara da cewa dokin da ya fi wuyar hawa shi ne wanda ya cika wayo, ya riga ka yanke shawara. Masu harbi a wasannin kwamfuta za su yarda da shi, don da yawansu kashe wannan taimako suke yi. Sun fi son dokin da ba ya tunani, inci ɗaya ya zama inci ɗaya kullum, hannu ya haddace.

Dannawa ma sai da fassara. A cikin maɓalli akwai ɗan falle na ƙarfe, kuma in ya faɗa kan ɗan'uwansa ba ya zama nan take. Sai ya yi 'yar tsalle-tsalle, kamar murfin kwano da ya faɗi a siminti yana karkarwa kafin ya kwanta. Kai danna ɗaya ka yi, waya kuwa ta ji biyar. Sai aka koya wa linzami ya ɗauki na farko ya toshe kunne na ɗan wani lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba. In ya tsufa ƙarfen ya gaji, karkarwar ta wuce lokacin da aka ɗiba, shi ne za ka danna sau ɗaya abu ya buɗe kamar ka danna biyu. Danna biyun na gaske kuma yana da wa'adi: a Windows, in ba ka sauya ba, rabin sakan ne, kuma kada hannu ya gusa da yawa a tsakani. Wannan ne ya fi wahalar da Kawu. Yakan danna, ya numfasa, ya sake dannawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai.

Faifan yatsa na jikin laftof wata duniya ce daban. George Gerpheide na cikin waɗanda suka fara ƙera shi, kuma a 1994 Apple ya sa shi a jikin PowerBook 500, daga nan sauran kamfanoni suka bi. Ba ƙwallo, ba kyamara, ba abin da ke birgima. Mutane da yawa sun ɗauka nauyin yatsa yake ji, ko ɗuminsa. Ko ɗaya. Gwada da bayan fensir, ka danna iya ƙarfinka, ba zai kula ka ba. Sa safar hannu mai kauri, haka. Amma yatsa tsirara ko shafa ya yi ya isa.

A ƙarƙashin fatar faifan akwai siraran layukan ƙarfe, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar saƙar tabarma, sai dai ba sa taɓa juna. Na fi gane shi in na tuna lambun rani. Ga fangali-fangali a jere, ga hanyoyin ruwa sun ratsa. Mai lambu ya saki ruwa a layi na farko, ya san adadin da ya kamata ya isa kowane fangali. In ya ga na bakwai ya sami ƙasa da rabonsa, ya san a nan wani ya tsoma ƙwarya. Haka 'yar ƙwaƙwalwar faifan ke yi: ta saki ɗan lantarki a layi ɗaya, ta auna abin da ya tsallaka zuwa layukan da suka gitta shi, ta koma na gaba, har ta zagaye duka, wajen sau ɗari ko fiye a sakan guda. Jikin ɗan Adam ruwa ne da gishiri, lantarki na bin sa, saboda haka yatsa in ya kusanto sai ya janye kaɗan daga rabon mahaɗar da ke ƙarƙashinsa. Ba ka jin komai, don abin bai kai a ji ba. Fensir kuwa busasshen itace ne, ba shi da ƙwaryar ɗiba.

Yatsa ya fi mahaɗa ɗaya faɗi, don haka abin da faifan ke gani ba ɗigo ba ne, tsibi ne, kamar na gyaɗa a kasuwa: tsakiya ya yi tozo, gefe ya zube. Sai ya auna inda nauyin tsibin ya rinjaya ya ce nan ne yatsa. Da haka yake gane motsin da bai kai tazarar layi da layi ba. Abin mamaki, shi ya san ainihin inda yatsa yake, ba kamar linzami ba, amma sai a watsar da wannan sani a yi aiki da gusawar kawai, don ɗan faifan ya yi ƙanƙanta ya wakilci fuskar duka. Gilashin wayarka dabararsu ɗaya, shi ne dai ba ya watsarwa.

Daga nan duk wata rigimar faifai ta fito fili. Ka idar da alwala ka zauna da damshi a hannu, ɗigon ruwa ya sauka, shi ma yana ɗaukar lantarki, sai kibiya ta rasa wa za ta bi. Ka sa cajar da aka sayo da araha, ko wutar janareta mai rawa, sai hayaniyar lantarki ta cika lambun, mai awo ya kasa bambance ɓarawo da igiyar ruwa. Na taɓa kai laftof wajen wani mai gyara saboda kibiya na tsalle, ya ce faifan ya mutu sai an sake. Allah Ya sa ba ni da kuɗin a ranar. Da na koma gida aka ɗauke wuta, na zare caja, sai ga kibiya ta natsu kamar ba ita ba.

Aikin da ya fi wuya shi ne sanin wanda ya zo da niyya. Kana rubutu, gindin babban yatsa da tafin hannu suna ta gogar faifan. A wajen layukan ƙarfe duk taɓi taɓi ne. Matar gida tana ƙuryar ɗaki takan ji ƙyauren zaure ya motsa, ba ta tashi, ta ce akuya ce. Wani motsin kuma tun kafin a yi sallama ta jawo mayafi. Tambaye ta yadda ta sani, da ƙyar ta iya faɗa: nauyin turin, lokacin da aka yi shi, abin da ya biyo baya. Da irin waɗannan alamu faifai ke aiki. Tsibi mai faɗi kuma a gefe, tafi ne. Taɓin da ya zo daidai lokacin da ake buga haruffa, a yi banza da shi. Wanda ya sauka ya tashi nan da nan bai gusa ba, danna ne. Wanda ya zauna ya ja, tafiya ce. Tsibi biyu da suka tafi tare, a gungura shafi. In suka rabu, a buɗa hoto. Duk hasashe ne, kuma wani lokaci akuyar ce ake yi wa shimfiɗa, baƙon a bar shi a waje. Shi ne za ka ɗago kai ka tarar rabin jimlarka ta koma tsakiyar wani sakin layi. Bambancin faifai mai daɗi da mai ban haushi yawanci ba a ƙarfen yake ba, a wannan hankalin yake.

Wannan yaren na yatsu da yawa yana da asali mai ban tausayi. Wayne Westerman ɗalibi ne a Jami'ar Delaware da ciwon jijiyar hannu ya dama yana rubutun digirinsa na uku. Shi da malaminsa John Elias suka kafa FingerWorks suna ƙera abin da za a sarrafa da shafa maimakon bugu. Apple ya sayi kamfanin a 2005, bayan shekara biyu iPhone ta fito.

A 2015 Apple ya sake yin wani abu da har yau nake jinjinawa. Ya fitar da faifan da ba ya lotsawa sam. Gilashi ne a kafe, da ma'aunan nauyi a ƙarƙashi, da wani ɗan inji mai maganaɗisu. In ka danna har ya kai wani mizani, sai injin ya ɗan zunguri gilashin, yatsa ya ji ƙas, ka rantse abu ya nutsa ya dawo. Bai nutsa ba. Na'am ce kawai, irin wadda mai sauraro ke jefawa a tsakiyar hira don mai magana ya san ana tare da shi. Bahaushe in yana ba da labari aka yi masa shiru, sai ya tsaya ya ce, kana ji kuwa? Yatsa ma haka yake, in bai ji amsa ba sai ya ƙara dannawa.

Wani abokina ya zo gidan da irin wannan laftof, na ce Kawu ya gwada. Ya danna, ta yi ƙas. Na kashe ta gaba ɗaya na ce ya sake. Ya danna, shiru, kamar ya danna faranti. Ya ƙara ƙarfi har farcensa ya yi fari.

"Ka ɓata wa mutum kaya ko?"

"A'a Kawu, barci take. Ɗazun ma ba motsi ta yi ba, amsa muku kawai take yi."

Ya yi shiru yana kallon gilashin. Na kunna, ya jira fuskar ta haska, ya naɗe hannun rigarsa zuwa kafaɗa don kada ya shafi faifan, ya miƙa manuni ɗaya ya danna a hankali, ya kawo kunnensa kusa.